Me ya sa filogin ke mutuwa duk ranar da aka yi wa manhaja abdet?

Tambayar da matasa masu koyon rubuta manhajar kwamfuta suka fi yi min ita ce wai wane firemwok za su kama, Qt ko Electron ko .NET na Microsoft. Ni kuma gaskiya duk lokacin da na ji tambayar nan sai in ga ba ta taɓa inda ciwon yake ba. Zana taga da maɓalli da tebur na shigar da bayanai, wannan ko wanne ka ɗauka cikin sati biyu zaka iya. Wahalar tana farawa ne ranar da ka ce bari in buɗe ƙofa wasu su riƙa ƙara wa manhajata aiki, ko kuma kai ka je ka rubuta ƙari a cikin manhajar wani. Wannan ƙarin shi ake kira filogin, kuma daga nan ne rigima take somawa.

Bari mu fara da shi kansa firemwok ɗin, don mutane da yawa suna haɗa shi da laburare. Laburare kai ne kake kiransa, ya yi maka aiki ya dawo maka da sakamako, shikenan kun rabu. Firemwok kuwa shi ne yake kiranka. A Qt misali, ƙarshen babban fayil ɗinka zaka rubuta app.exec(), daga wannan layin ka miƙa masa linzami, shi ne zai zauna yana jiran motsin maus da danna madannai, in an danna maɓallinka sai ya kira kod ɗinka, ka gama ka koma gefe. Wato tun farko kai ɗan haya ne a gidan firemwok. To mai rubuta filogin kuma ɗan haya ne a ɗakin ɗan haya, masu gida biyu gare shi, mai manhaja da mai firemwok, kowanne a cikinsu ya tashi gyaran gini sai ƙura ta same shi.

Qt na fi sani, don haka da shi zan fi kawo misali. Wasu mutum biyu ne ƴan ƙasar Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fara shi a 1991, ya fito wa jama'a a 1995 ƙarƙashin kamfaninsu da aka sani da Trolltech. Nokia ta saya a 2008, daga baya ya koma hannun Digia, yanzu kuma yana hannun The Qt Company. In kana amfani da VLC wajen kallo, ko Telegram na kwamfuta, ko OBS wajen ɗaukar bidiyo, ko VirtualBox, ko QGIS na taswira, to kana taɓa Qt kullum ko baka sani ba.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne shi kansa Qt ɗin da filogin-filogin aka haɗa shi. Na gane haka ne ta hanya mai zafi. Na taɓa rubuta wa wani mai kemis ƙaramar manhaja ta lissafin magunguna da kwanan watan lalacewarsu, a kwamfutata tana tashi lafiya lau, na zuba a filash na je shagon na kwafa, na danna, sai ga saƙo wai ba a samu filogin ɗin dandamali ba, manhaja ta ƙi buɗewa ga mai shago tsaye a kaina ga kwastomomi suna jira. Abin da ya faru kawai shi ne ban kwafo folda mai suna platforms ba, wadda a cikinta akwai fayil ɗin qwindows.dll. Shi Qt bai san Windows ba da kansa, wannan ƙaramin fayil ɗin ne yake koya masa yadda ake buɗe taga a Windows, akwai wani daban na Linux, akwai na Mac. Haka buɗe hoton JPEG, filogin ne a foldar imageformats, haka magana da rumbun bayanai na SQLite, filogin ne a foldar sqldrivers, shi ya sa zaka ga manhajar wani ta tashi amma hotuna duk ba sa fitowa ko rumbun bayanai ya ƙi haɗuwa. Akwai kayan aiki mai suna windeployqt da yake tattaro maka duk waɗannan, dan Allah duk mai farawa ya riƙe sunan nan tun kafin ya je gaban kwastoma.

Yanzu ga asalin maganar. Filogin na yaren C++ fayil ne da aka riga aka kwamfayil, wato an juya kod ɗinsa zuwa yaren da na'ura ke ganewa, a Windows .dll, a Linux .so, manhaja tana cikin gudu sai ta ɗauko shi ta shigar da shi cikin memorinta. A Qt, QPluginLoader ne yake wannan aikin. Mai manhaja zai rubuta yarjejeniya, wato wani aji (class, tsarin da ake haɗa ayyuka da bayanai a kod) da babu komai cikinsa sai sunayen ayyuka, ya ce duk mai son shigowa ya cika waɗannan, ya ba ta lambar shaida ta hanyar Q_DECLARE_INTERFACE, mai filogin kuma ya cika ya sa Q_PLUGIN_METADATA. A takarda abin gwanin sha'awa.

Matsalar ita ce bayan an kwamfayil, sunayen nan da kake gani a kod yawancinsu sun tafi, abin da ya rage matsayi ne da lissafin nisa. Kamar ka aiki yaro ne kace masa ka kai saƙon nan ƙofa ta uku daga masallaci. Shekara guda yana kaiwa daidai, sai ranar nan wani ya fasa sabuwar ƙofa tsakanin ta ɗaya da ta biyu, yaro bai san komai ba, ya ƙirga uku ya miƙa saƙo a gidan da ba shi ba. Haka ayyukan aji suke jere a wani tebur a memori, in mai manhaja ya cusa sabon aiki a tsakiyar yarjejeniya, tsohon filogin zai kira na uku yana zaton wanda ya sani ne, alhali wani ne daban. Wani lokacin manhaja ta faɗi nan take, wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne ta ci gaba da gudu tana ɓata bayanai a ɓoye sai bayan kwana biyu a ga lissafi baya daidaita. Wannan tsarin jeri da girman abubuwa a memori shi ake kira ABI, ya bambanta da API wanda shi sunaye ne da ido ke gani a kod. Kana iya barin API yadda yake amma ka karya ABI, ƙara ma'ajiya guda ɗaya tak a cikin aji ya isa, tunda girman ajin ya canza.

Kuma ba nan kaɗai ba. Kwamfayila ma tana da nata. In an gina manhaja da MSVC na Microsoft kai kuma ka gina filogin da MinGW, ba za su ji yaren juna ba ko da kod ɗinku iri ɗaya ne, saboda kowacce da yadda take murɗa sunayen C++. Haka 32-bit da 64-bit, haka ginin gwaji da ginin saki a Windows. Sannan Qt da kansa yana da doka, filogin da aka gina da sigar Qt da ta fi ta manhajar sabunta ba zai loda ba.

Abin da ya burge ni da mutanen Qt shi ne sun ɗauki wannan matsalar da muhimmanci, suka yi alƙawari cewa a cikin babbar siga ɗaya ba za su karya ABI ba, abin da ka gina da 5.2 ya kamata ya gudu a kan 5.15. Dabarar da suke amfani da ita ana ce mata d-pointer. Maimakon aji ya riƙe kayansa a fili, sai ya riƙe adireshi ɗaya kawai da ke nuni zuwa wani ɓoyayyen ɗaki, duk wani sabon kaya can ake zubawa, girman ajin da duniya ke gani baya motsi. Qt 5 ya fito a Disambar 2012, Qt 6 a Disambar 2020, kaga shekara takwas kenan suna riƙe da alƙawarin nan. Amma ranar da babbar siga ta canza, alƙawari ya ƙare, kowa sai ya sake gini, wasu ma sai sun sake rubutu.

To wasu suka ce tunda C++ akwai wannan ciwon kan, a bar masu filogin su yi rubutu da yaren da ba a kwamfayil. QGIS misali ne mai kyau. Gary Sherman ya fara shi a 2002, ita manhajar da C++ da Qt aka gina ta, amma yawancin filogin ɗinta da Python ne. Folda ce kawai, ka sa metadata.txt mai ɗauke da suna da mafi ƙarancin sigar QGIS da kake buƙata, ka sa aikin classFactory wanda za a miƙa masa iface, wato hannun da zaka riƙa taɓa manhajar da shi, sai initGui inda kake dasa maɓallanka da unload inda kake cire su. Ɗalibin jogirafi da ya iya Python kaɗan zai iya rubuta nasa a yini ɗaya, kuma wannan sauƙin ne ya sa filogin ɗin QGIS suka yi yawa haka. Babu maganar MSVC ko MinGW, fayil ɗaya ya gudu a Windows da Linux da Mac.

Sai dai an gudu ne ba a tsira ba. A Fabrairun 2018 QGIS 3.0 ya fito, a tashi ɗaya suka bar Python 2 zuwa 3, suka bar Qt 4 zuwa 5, suka kuma gyara nasu API ɗin. Filogin ɗin sigar 2 suka daina aiki sai wanda mai shi ya zauna ya sake masa fasali, waɗanda masu su suka kama wani aikin kuwa har yau suna kwance. Kuma tafiya zuwa Qt 6 ma da nata, a PyQt6, wato gadar da Python ke bi ya yi amfani da Qt 6, ba zaka rubuta Qt.AlignLeft ba sai Qt.AlignmentFlag.AlignLeft, QAction ya tashi daga QtWidgets ya koma QtGui, ƙananan abubuwa ne amma layi ɗaya ya isa ya hana filogin tashi. Banda haka, filogin ɗin Python yana zaune ne a cikin jikin manhajar, in ya kama wani dogon lissafi a kan zaren, wato layin aikin, da ke kula da taga, duk QGIS ɗin zai daskare, mai amfani kuma ba zai zagi filogin ba, manhajar zai zaga.

A nan ne nake ganin darasin da ya fi girma ya fito daga burauzar Firefox. Shekaru da yawa ƙarin Firefox suna da damar taɓa ko'ina a cikin burauzar, su canza fuska, su shiga hanjinta, babu shamaki. Masu amfani sun ji daɗi ƙwarai don an yi abubuwan mamaki. Amma da Mozilla, mai Firefox ɗin, ta so raba burauzar gida-gida don shafi ɗaya in ya faɗi kar ya ja sauran, sai ta tarar duk bangon da ta taɓa akwai wanda ya kafa ƙusa a jiki. Kowane sirrin cikin gida ya riga ya zama alƙawari ba tare da an yi niyya ba. Ƙarshe a Nuwamban 2017 da Firefox 57 suka yanke, tsofaffin ƙari duka suka daina aiki, aka koma WebExtensions mai ƙofa ƙunci. Mutane sun ji haushi kuma ina ganin suna da hujja, wasu kayan aikin da suka dogara da su ba su dawo ba. Amma laifin ba na 2017 bane, tun ranar da aka bar ƙofa wangale aka ci bashin, ranar biya ce kawai ta zo.

VS Code, editan rubuta kod na Microsoft da ya fito a 2015, ya bi wata hanya tun daga tushe. Duk da an gina shi da Electron, wato fuskarsa shafin yanar gizo ne da kowa zai iya taɓawa in an bari, Microsoft ta hana. Ƙarin VS Code ba sa gudu a inda taga take, an ware musu wani tsari daban a gefe, suna magana da edita ta hanyar saƙo da API da aka ƙayyade, kuma ba a tayar da ƙari sai an zo buƙatarsa, misali sai ka buɗe fayil ɗin Python sannan na Python ya farka. In ƙari ya rikice, zaka ci gaba da rubutunka. Editan Atom na GitHub, wanda dominsa ma aka ƙirƙiri Electron a 2013, shi ya bar ƙari suna taɓa fuskar edita kai tsaye, yana da daɗin sarrafawa amma nauyi ya yi masa yawa, an rufe shi a Disambar 2022. Ba zan ce wannan kaɗai ya kashe shi ba, tunda Microsoft ta sayi GitHub a 2018 ta zama mai edita biyu, amma tun kafin nan jama'a sun riga sun fara ƙaura.

Kaga kenan zurfin da ka bar filogin ya shiga shi ne yawan abin da ka ɗaure kanka da shi. Ka bar shi ya shiga har ƙuryar ɗaki, zai yi abin al'ajabi amma ba zaka ƙara iya matsar da gado ba. Ka tsayar da shi a zaure, ƙarfinsa zai ragu, kai kuma kana da ƴancin gyara cikin gida. Ni a ganina ga yawancin manhajojin da muke rubutawa, zaure ya isa.

Akwai kuma abin da masu koyarwa a YouTube ba sa kawowa don ba irin kwamfutocinmu suke gani ba. A shagunan magani da makarantu masu zaman kansu da wuraren buga takardu, dalilin da yasa har yanzu ake son manhajar da ke zaune a kan kwamfuta shi ne tana aiki ko babu data ko sabis ya ɗauke. Kuma kwamfutocin yawanci na hannu ne, memori 4GB, wasu har gobe Windows 7 ce a kai duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. To Qt 6 baya gudu a Windows 7, Qt 5.15 ne na ƙarshe. Electron 22 ne na ƙarshe da ya yarda da ita, Python kuma 3.8. Sannan kowace manhajar Electron tana tafe da nata Chromium ɗin, wato injin burauzar Chrome, da Node.js mai gudanar da JavaScript, cikakku, shi ya sa ko ƙaramar manhaja ce zaka ga nauyinta ya kai na burauza. Ba wai Electron ba shi da kyau bane, ga wanda ya riga ya iya JavaScript hanya ce mafi kusa, akwai ma Tauri da ya fito da sigarsa ta 1.0 a 2022 wanda yake aron burauzar da ke cikin kwamfutar maimakon ya ɗauko tasa. Abin da nake cewa kawai, ka je ka ga kwamfutar kwastoma da idonka kafin ka zaɓi firemwok, ba bayan ka yi wata uku kana rubutu ba.

Maganar lasisi ma kar a tsallake ta. Rigimar lasisin Qt ce ta sa aka fara GNOME a 1997 bayan KDE ta ɗauki Qt a 1996 (dukkansu biyun tsarin fuskar kwamfuta ne na Linux), kuma ita ce ta haifar da KDE Free Qt Foundation a 1998, yarjejeniyar da ta ce in kamfani ya daina sakin Qt na kyauta har tsawon wata 12, gidauniyar tana da ikon sakinsa da lasisi mai sassauci irin na BSD. Tun 2009 akwai lasisin LGPL, ma'ana zaka iya sayar da manhajarka ba tare da ka buɗe kod ɗinka ba, muddin ka bar Qt a matsayin fayilolin dll daban da mai amfani zai iya musanyawa, ka kuma bayyana lasisin. Amma wasu sassa kamar Qt Charts GPL ne, wato lasisin da ke tilasta maka buɗe kod ɗinka in zaka raba manhajar, ko na kuɗi. Ga masu Python kuma a kula sosai, PyQt na kamfanin Riverbank GPL ne ko ka biya, PySide ne yake da LGPL. Sunayen ayyukansu kusan ɗaya ne shi ya sa mutane ke ɗauka duk ɗaya ne, alhali in zaka sayar da manhaja a rufe bambancin babba ne.

In kai ne mai manhajar kuma ka yanke shawarar karɓar filogin, abin da nake yi shi ne in matse yarjejeniyar ta zama ƙarama iyakar iyawa, ayyuka huɗu ko biyar, kuma bana miƙa wa filogin babbar tagata ko haɗin rumbun bayanaina kai tsaye, sai in ba shi wani ɗan tsakani da ke da abin da na yarda a taɓa kawai. Lambar shaidar yarjejeniyar kuma ina sa mata siga a ƙarshe, in buƙatar sabon aiki ta taso bana taɓa tsohuwar, sai in buɗe ta biyu a gefenta, manhaja ta tambayi filogin wacce ka iya. QPluginLoader yana ba ka damar karanta bayanan filogin kafin ka loda shi, to a nan zaka tace, wanda bai dace ba ka nuna wa mai amfani saƙo da sunan filogin ɗin ƙarara maimakon manhaja ta faɗi bai san dalili ba. In kuma kai ne mai filogin, ka tsaya kan abin da aka rubuta a takardun API, duk abin da ka gano ta hanyar leƙe a cikin kod ɗin mai gida ba naka bane, gobe zai iya ɗauke shi. A QGIS ka shigo da Qt ta qgis.PyQt maimakon PyQt5 kai tsaye, kuma duk abin da ka dasa a initGui ka tabbata ka cire shi a unload, in ba haka ba maɓalli zai riƙa ninkuwa duk sanda aka sake loda filogin.

Abu na ƙarshe da ya shafe mu kai tsaye shi ne harshe. Qt yana da tsarin fassara mai kyau, ka nannaɗe kowane rubutu da tr(), lupdate ya kwaso su cikin fayil ɗin .ts, a fassara a Qt Linguist, lrelease ya mayar .qm. Amma fassarar manhaja ba ta rufe filogin, kowane filogin sai ya zo da nasa fayil ɗin ya loda, in ba haka ba zaka ga manhaja da Hausa sai taga ɗaya ta fito da Turanci tsagwaronta. Sannan haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, shi QString yana riƙe su lafiya, inda ake samun tangarɗa shi ne SQLite. Umarnin LIKE nasa haruffan Turanci kawai yake ɗauka babba da ƙarami ɗaya ne, don haka in an ajiye suna da Ɗ babba kai kuma ka nema da ɗ ƙarami ba zai fito ba, haka in ka ce ya jera sunaye, duk masu farawa da Ƙ ko Ɗ za su faɗa can ƙasa bayan Z. A manhajar sakamakon jarrabawa wannan yana nufin malami ya nemi Ɗanladi ya rasa ya ɗauka ba a yi masa rajista ba. Ni abin da nake yi shi ne in ƙara wani ginshiƙi a tebur inda nake ajiye sunan da ƙananan haruffa bayan na sauke lanƙwasar, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, a nan ake bincike da jerawa, asalin sunan kuma shi ake nunawa a allo da kan takarda. Kuma wannan aikin a cikin ɗan tsakanin nan nake sa shi, don kowane filogin da zai nemi suna ya bi ta hanya ɗaya, kar kowa ya ƙirƙiro tasa.